Surukar da Ta Riƙe Mini 'Yata

Masu zuwa gaisuwar rasuwar Iya sun rasa yadda za su yi da ni. A shigo a yi wa babbar 'yarta da ta zo daga Kano gaisuwa, a yi wa ƙannenta, a zo kaina a tsaya. Ni ba 'ya ba ce, surukutar kuma ta ƙare tun shekara biyar da ɗanta ya sake ni. Wasu su ce mini "ya haƙuri" a gajarce su wuce, wasu su hangi farin yunifom a ƙarƙashin hijabina su ɗauka asibiti ne ya aiko ni. Na samu wuri bakin ƙofa kusa da takalman mutane, amma zaman ya gagare ni. In tashi in ɗebo ruwa, in dawo, in sake tashi in share inda aka riga aka share.

Bayarabiyar da ke sayar da burodi a gidan da ke jikin nasu ita ta fi kowa kuka. Ta zube a tsakar gida tana birgima, matan unguwa suna ce mata ba a yi wa mamaci haka, addu'a ake yi.

"Ku bar ni jare!" in ji ta. "Shekara talatin muna faɗa a kan kwata ɗaya ni da Mama. Yanzu da wa zan yi?"

Mutanen Nijar masu gadi suka zo su shida da rawunansu, suka zauna a waje a kan tabarma. Da za su tashi babbansu ya ce, "Tsohuwa ba ta taɓa saida muna goro mai sankara ba, ko sau guda." Dillalan goro kuwa abin da ya dame su shi ne wa zai riƙa yi musu zaɓe yanzu. Na ji haushinsu a lokacin. Daga baya na gane ni ma irin lissafin da nake yi ke nan a raina, sai dai nawa a kan 'yata ne.

Na san yadda unguwarmu Agege ta nan Ikko take. Bayan sadakar bakwai kowa zai kama gabansa, a sa wa ɗakin Iya fenti a ba wani haya. Shi ya sa nake rubuta wannan a bayan littafin da nake kwafar darasi, wani a cikin danfo, wato bas ɗin haya, wani a kan teburin kyamis in ba ciniki. In rubutun ya yi tsalle-tsalle, haka mai shi take a kwanakin nan.

A Agege aka haifi Iya, babanta falken goro ne da ya zo bai koma ba. Gajeruwa ce, haƙoranta jajaye, in ta juya harshe zuwa Yarabanci ba mai cewa Bahausa ce. Sana'arta zaɓen goro. Dillalai su kawo mata huhu, ta kwance ganye, ta zauna a kan 'yar kujera da kwanduna uku a gabanta, ta ware manya, ta ware ƙanana, ta fitar da wanda sankara ta ci, tsutsar nan da in ta shiga huhu sai ta gama da shi. Ba ta kallon goron. Tana hira, tana faɗa da maƙwabciya, yatsunta na aikinsu.

Lokacin da aurena ya mutu, Ummi na da shekara biyu. Ita ce 'yata ta fari, ita kaɗai gare ni, kuma sunan Iya ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi. Kunya biyu ke nan ta hau kaina. Ni a Funtuwa na tashi a hannun kakata, inda mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban surukai, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ko Ummin ma Anti take ce mini. Da aka taru a kan maganar yarinya, gwaggonta, wato yayar babanta, ta dube ni ta ce, "Ke me kika ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ai taku ce."

Amsar da aka koya mini ke nan, amsar 'yar mutunci. Ni kuwa na san in ta tafi Kano sai dai in riƙa ganinta da salla. Gwaggon ta ce to madalla, sai ta tafi da ita. Iya ba ta ko ɗago daga kwandonta ba.

"Ki tafi da wa? Takwarata ce, ni zan riƙe. Mai son ganinta ya hau mota ya zo Agege."

Ba wanda ya isa ya ja da ita. Da kowa ya watse, ina ɗaure kayana zan koma Funtuwa, sai na ji ta ce, kamar da kwandon take magana, "Ɗakin da ke bayan gidan nan ba kowa a ciki. Katangar ma gajeruwa ce." Haka aka yi. A bakin dangi yarinya tana hannun kakarta. A gaskiya kuwa kullum a ɗakina take kwana, da asuba in miƙa ta ta kan katanga tana magagin barci.

Da na samu shiga makarantar koyon aikin jinya na zo na durƙusa na gaya mata. Ta ce, "To, nas. Allah ya sa kada ki fara da ni."

Ban san abin da na ɗauko ba. In fita bayan sallar asuba, in yi kokawar danfo zuwa wajen Mushin, aji ko ɗakin marasa lafiya har ƙarfe biyu. Daga nan in sake wata kokawar zuwa Iyana Ipaja, inda nake tsaron kyamis ɗin wani oga har gab da magariba, don da shi muke ci. Karatu a cikin mota nake yinsa, littafi a cinya, gwiwar wani a haƙarƙarina. Ciwon kai ya samu wurin zama a bayan idona. Na taɓa zuba gishiri a shayi na shanye ban lura ba, na taɓa isa makaranta da takalmi kowace ƙafa da irin nata. Abin dariya ne a faɗa, amma ni tsoro nake ji, don hannun da ke zuba gishiri a shayi shi ake koya wa riƙe allura.

Wata rana na dawo, Ummi ta rugo da murna ta ture kofin ruwa a kan takarduna. Na daka mata tsawar da ban san ina da ita ba, har ta saki fitsari a tsaye. Iya ta ɗauke ta ta shige ɗaki. Washegari da na shigo ban ga yarinya ba, sai faranti cike da goro a kan tabarma.

"Zauna ki zaɓe mini wannan."

"Iya, ina da jarrabawa gobe."

"Goron ma yana da mota gobe. Oya, zauna."

Na zauna ina ƙuna. Goro kuwa ba ya son gaggawa, in ka matsa shi da farce ya yi tabo, in ka yi sauri mai sankara ya wuce ka. Dole ka juya kowanne a hannu ka ji nauyinsa. Ta kan saci kallon yatsuna ta ce, "Har yanzu hannunki na cikin danfo." Sai ta ga ya lafa, numfashina ya dawo daidai, sannan ta ɗaga murya, "Takwara, fito, Antinki ta dawo!" Wannan ya zama doka, kullum, shekara biyu da rabi. Na yi ta gunaguni a raina cewa tsohuwa ta samu 'yar aiki kyauta. Ranar da wata malama ta tsaya a aji tana koya mana yadda ma'aikacin jinya zai sauke gajiyar rai kafin ya shiga gida, sai da na toshe baki don kada dariya ta ƙwace mini.

Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ko bayan da surukutar ta ƙare. Ta san haka, ta kuma san in na koma ɗakina ba abin da zan dafa. Sai ta rufe tuwo a kwano ta ajiye kusa da ƙafata, ta yafa mayafi ta ce, "Bari in je in ji da matar nan, ta sake zubo mana ruwan wanki." Ta fita ta tayar da faɗan da babu shi, har sai ta ƙiyasta na cinye. Mai burodi ce ta tona mini asirin a zaman makoki. Ta ce wani lokacin ma dariya suke yi suna zagin juna don in ji.

A hannunta na koyi awon jini. Ta miƙo damtse tana cewa, "Kin zo ki matse ni ko? Matsa, ai ke ce gwamnati." Tun awon farko na ga jininta ya hau. Na ce ta rage goro da gishiri. Ta yi dariya har da tari.

"Ki ce wa mai goro ta bar goro? Naɗe igiyarki, abeg."

Magani kuwa in ina tsaye a kanta ta sha, in ba na nan ya kwana a ƙarƙashin filo. Na sani. In jarrabawa ta matso sai in yi sati biyu ban auna ta ba, in ce wa kaina gobe. Wannan yana cina, kuma ba na son kowa ya ce mini ƙaddara ce don ya rarrashe ni. Na yarda da ƙaddara, na kuma san aljihun jakar da abin awon yake kwance.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Ina tsakiyar jarrabawar gwaji a asibiti, sai Iya ta ce in bar mata Ummi ta kwana wurinta kwana biyu in samu in yi karatu. Na yi ta godiya. Rana ta uku na shigo na tarar da yarinya kwance, jiki kamar garwashi, idanu sun faɗa, Iya na ɗura mata jiƙon ganye. Ashe tun ranar farko take zazzaɓi, aka ɓoye mini don kada hankalina ya rabu. Na fizge kwanon na watsar a kwata.

"Kashe ta za ki yi?" Haka na ce, a gaban maƙwabta.

Iya ta miƙe tsaye. Ta dube ni ta ce, "Na haifi tara, na binne huɗu. Ni za ki koya wa zazzaɓi?"

Na saɓi yarinya na tari okada, wato ɗan acaɓa, sai asibiti. Zazzaɓin sauro ne ya ci ƙarfinta, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Da safe sai ga Iya da kunu a jug, ta zauna a ƙarshen gado, ni ina wancan ƙarshen. Kwana tara ba ta yi mini magana ba, ni ma girman kai ya hana ni. Duk da haka kullum da asuba hannunta na kan katanga yana jiran yarinya, kwanon tuwo kuma bai fasa zuwa ba. Rana ta goma ta turo mini farantin goro da ƙafa, na zauna. Ba wadda ta ba wata haƙuri. Har yau ina kan bakana cewa a maganar magani ni ke da gaskiya, amma kalmar nan da na faɗa mata da zan iya da na haɗiye ta.

A shekara ta biyu na faɗi darasin ilimin magunguna. Na zo na ce mata na haƙura, zan bar makarantar in riƙe kyamis kawai. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta aika aka kwaso littattafaina kaf, ta zuba a akwatinta ta sa kwaɗo. Ranar Asabar ta shirya Ummi za su biki a Mushin, ta nuna ni da yatsa.

"Ki kwanta. In na dawo na tarar kin wanke ko cokali ne, ni da ke ne."

Na yi barci tun hantsi har la'asar sakaliya, irin barcin da na manta akwai shi. Ranar Lahadi ta buɗe akwati ta tura mini littattafan ta ce, "To, yanzu ki bari in kin ga dama." Na kwashi abina na koma na sake rubuta darasin.

A shekarata ta ƙarshe a makarantar, wata ranar Talata, Iya ta rasu. Ina ɗakin marasa lafiya, wayata na kulle a loka don ba a yarda ɗalibi ya riƙe ba. Da hantsi ta kife a kan kwandonta, ba ta sake magana ba. Sai wajen ƙarfe ɗaya na ga kiran da ya taru. Gosulo ya riƙe ni a hanya, na sauka na hau okada, na sauka na ruga da ƙafa. Ina shiga layin na tarar an ɗauke ta bayan azahar. Ni da na wanke mutanen da ban san ko sunansu ba, ban samu na zuba wa Iya ruwa ko buta ɗaya ba.

Ranar sadakar bakwai dole na leƙa asibiti da safe, don jarrabawar ƙarshe saura sati uku, wanda ya cika fashi kuma ba a barinsa ya zauna. Na dawo da azahar na tarar da mata cike da ɗakin Iya, ga wata jaka a ɗaure bakin ƙofa, takalmin makarantar Ummi na leƙowa ta gefen zif. Na durƙusa na gaida gwaggonta.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji ta. "Gobe da asuba za mu kama hanya. Na haɗa kayan Ummi, ki duba ko akwai saura a ɗakinki."

Ba tambayata take yi ba, a wurinta na riga na ba da amsa tun shekara biyar. Mai riƙo ta rasu, riƙo ya dawo hannunta. Kuma ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Sai ta sassauta murya.

"Ki duba fa. Ki fita da duhun asuba, ki dawo magariba. Wa zai ba ta abinci? Wa zai tarbe ta in ta taso makaranta? A wurina ga yara, ga Islamiyya a ƙofar gida. Ke ma ki samu ki yi karatunki da kai ɗaya."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Wani sashe na jikina ma, wanda ya gaji, sai da ya ji daɗin maganar, kuma na tsani kaina a kan haka. Na jira in ji wani ya yi magana a madadina kamar yadda na saba. Ba wanda ya yi.

"Yaya," na ce, "ba za ta je ba."

"Me kika ce?"

"'Yata ce. Ni na haife ta, ina son abata, kuma ba zan iya kwana a garin nan ba ta cikinsa ba."

Ɗakin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa daga dangin ta tafa hannu ta ce, "'Yar fari? A gaban surukai? Lallai Ikko ta gama da yaran nan." Kunya ta rufe ni kamar zanina ya kwance a tsakiyar kasuwa, amma ban janye ba.

"To wa zai riƙe miki ita?" in ji gwaggon.

"Ban sani ba tukuna."

Aka aika waje aka kira baban Ummi. Ya tsaya bakin ƙofa, aka maimaita masa abin da na ce, har da ƙari. Ya daɗe yana kallon jakar nan. Sannan ya ce, "Yaya, a bar ta. In abin ya gagare ta, hanya na nan, sai in zo in ɗauka." Gwaggon ta tafi washegari ba ta yi mini sallama ba, kuma na san maganata ta riga ta isa Funtuwa.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata faɗanta na gaske da na ƙarya, ya shimfiɗa mata wurin da za ta miƙe ƙafa ta huta, don ban taɓa ganin ta huta ba. Ya yafe mini abin da na gaza yi mata.

Mai burodi ta ce za ta riƙa tarbar Ummi in an taso. Safiya ce ba ni da kowa. Ranar Litinin na kai ta ƙofar makarantarsu tun bakwai ba ta yi ba, muka tarar da get a kulle, mai gadi bai zo ba. Ba zan iya barinta a bakin titi ba, kuma kowane minti na tsayuwar nan sista mai kula da mu za ta cire shi daga jikina. Ina ta duba waya, ina leƙen hanya, ina taka ƙasa. Sai na ji ta ja gefen hijabina.

"Anti."

"Mene ne kuma?"

"Ran nan ina bayan labule."

Na mayar da wayar cikin jaka.

"Da gaske ne abin da kika ce wa Gwaggo?"

"Da gaske ne."

"Sake faɗa in ji."

Sai da na waiga hagu da dama in ga ko akwai wanda ya san mu. Ba kowa sai kwandasta yana ihun Oshodi. Na durƙusa daidai tsayinta na faɗa mata, duka, yadda na faɗa a ɗakin. Ta gyaɗa kai ta ce, "To," ta juya tana kallon get ɗin, hannunta riƙe da hijabina. Danfo uku suka wuce ni a cike. Na huɗun da wuri a ciki, har ya rage gudu, na ɗaga masa hannu ya tafi.